Kalma a Kasuwa: Tallar Sunayen Yankin Intanet ta Wasiƙar Imel

Gabatarwa

A shekarar 2019 kamfanin MicroStrategy na ƙasar Amurka ya sayar wa kamfanin Block.one da sunan voice.com a kan dalar Amurka miliyan 30. Abin da ya canza hannu a wannan ciniki haruffa biyar ne na wata kalmar Ingilishi mai ma'anar "murya", sai ɗigo da haruffa uku a bayanta. Irin wannan ciniki ne jaridu suke ɗauka, amma akasarin cinikin sunayen intanet ƙanana ne, na ɗaruruwa ko ƴan dubban daloli, kuma da yawansu suna farawa ne daga wata gajeriyar wasiƙar imel da mai suna ya aika wa mutumin da bai taɓa saninsa ba.

Ga ɗalibin kimiyyar harshe, wannan kasuwa tana da abin nazari ta fuska biyu: hajar kanta kalma ce, kuma da kalmomi ake tallarta. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda ake gudanar da cinikin, tun daga kimanta suna har zuwa miƙa shi ga wanda ya saya. Babban abin da za ta nuna shi ne, lafazin wasiƙar tallar ne yake yanke makomarta. Wasiƙa guda tana iya kai wa ga ciniki, tana iya faɗawa kwandon shara ba a karanta ta ba, tana kuma iya zama shaidar da za a kafa a kan marubucinta har ya rasa sunan baki ɗaya.

Mene ne sunan yanki?

Kowace na'ura da ke kan intanet tana da lambar adireshi, kuma da waɗannan lambobi ne na'urori suke gane juna. Da yake ɗan Adam ya fi riƙe suna a kan dogon jerin lambobi, a shekarar 1983 Paul Mockapetris ya tsara hanyar da take haɗa kowane suna da lambarsa, wadda ake taƙaita sunanta da DNS. Sunan da mutum yake rubutawa don ya isa wani shafi, kamar wikipedia.org, shi ake kira sunan yanki. Yana da jigo, yana da ƙarshe. Wasu ƙarshen na kowa da kowa ne, irin su .com da .org da .net, wasu kuma na ƙasashe ne: .ne na Nijar, .ng na Nijeriya, .fr na Faransa. Sunan farko da aka yi wa rajista da ƙarshen .com shi ne symbolics.com, ranar 15 ga Maris, 1985. A yau sunayen .com sun haura miliyan 150. Hukumar ICANN, wadda aka kafa a 1998, ita take shimfiɗa ƙa'idojin ƙarshen da suke na kowa, yayin da kowace ƙasa take da ikon tsara nata.

Rajistar suna haya ce. Ana biyan kamfanin rajista kuɗin shekara ɗaya ko fiye, har zuwa goma, kuma kuɗin sunan .com a shekara yakan kama tsakanin dalar Amurka 10 zuwa 20. Idan wa'adi ya cika ba a sabunta ba, bayan ɗan lokacin jira sunan yakan koma fili, kowa yana iya ɗauka. Saboda haka abin da ake sayarwa a wannan kasuwa haƙƙin riƙe suna ne da sabunta shi.

To, ta yaya abin da hayarsa ba ta taka kara ta karya ba yake kai miliyoyi? Amsar tana cikin bambancin da ke tsakanin harshe da rajista. Kamar yadda Ferdinand de Saussure ya koyar, harshe mallakar al'ummar masu magana da shi ne. Kalmar "ruwa" ba ta raguwa don mutane miliyan sun furta ta. Dokar tambarin kasuwanci ma tana barin kamfanoni biyu su ɗauki kalma ɗaya muddin sana'arsu ta bambanta: a Amurka akwai Delta mai jiragen sama, akwai Delta mai ƙera kawunan famfo. Amma delta.com guda ɗaya ne a duniya, kuma yana hannun mai jiragen, ɗayan kuwa ya haƙura da deltafaucet.com. Tsarin DNS ya ɗauki abin da ba ya ƙarewa ya mayar da shi tilo, kuma daga nan ne farashi ya samo asali.

Abin da ke sa suna tsada

Ma'aunin da ƴan wannan kasuwa suke kimanta suna da shi kusan duk na harshe ne. Suna duba gajartar kalma da yawan gaɓoɓinta, da sauƙin furta ta, da ko tana nuni ga wata sana'a mai kuɗi, sannan da ƙarshen da take ɗauke da shi, inda .com ya fi kowane daraja. Gajarta kaɗai tana iya ɗaga suna: a 2010 Facebook ya sayi fb.com daga wata ƙungiyar manoman Amurka, American Farm Bureau Federation, a kan miliyoyin daloli, don kawai haruffan biyu sun dace da taƙaitaccen sunansa.

Akwai wani gwaji da suke kira gwajin rediyo. Idan aka faɗi suna a rediyo sau ɗaya, shin mai saurare zai iya rubuta shi daidai ba tare da an jera masa haruffa ba? Wannan tambaya ce a kan dangantakar sauti da rubutu, kuma a Nijar tana da nauyi na musamman, domin kalma guda tana yawo da rubutu biyu. Wanda ya yi makaranta da Faransanci zai rubuta kilichi da tchoukou da haoussa, wanda ya saba da ƙa'idar rubutun Hausa kuma zai rubuta kilishi da cuku da hausa. Haka Tahoua da Tawa. Ga na'ura, waɗannan sunaye ne daban-daban da babu abin da ya haɗa su, don haka mai shagon da ya riƙe ɗaya yana iya rasa masu nemansa da ɗayan.

Matsala ta biyu ita ce ta haruffa masu lanƙwasa. Asalin tsarin bai yarda da komai ba sai haruffan Ingilishi 26, da alƙaluma, da karan ɗori, kuma jigon suna ba ya wuce alamomi 63. Babu gurbin ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, babu kuma tazara tsakanin kalmomi. Ke nan kafa da ƙafa sun zama ɗaya, kuma wanda ya ga bakinkasuwa ba zai san ko bakin kasuwa ake nufi ko baƙin kasuwa ba. Tun 2003 an samar da hanyar shigar da haruffan wasu harsuna, inda na'ura take juya sunan zuwa wani jeri mai farawa da xn--. Sai dai hukumar kowane ƙarshe ita take zaɓen haruffan da za ta karɓa, kuma allon rubutun wayoyi da yawa ba ya fito da masu lanƙwasa cikin sauƙi. Shi ya sa kalmar Hausa marar lanƙwasa, wadda kuma rubutunta na Faransanci da na Hausa suka zo ɗaya, ta fi saura dacewa da wannan kasuwa.

Wani lokaci ƙarshen suna yakan sami daraja daga ma'anar da ya yi karo da ita a wani harshe. Tsibirin Tuvalu yana samun kuɗin shiga daga .tv saboda ya dace da taƙaitaccen sunan talabijin, haka ma Anguilla daga .ai saboda ya dace da yadda Ingilishi yake taƙaita ƙirƙirarriyar basira. Ƙarshen Nijar ma ya faɗa a kan kalmar Hausa, wato "ne", ta yadda suna irin haka.ne zai karantu a matsayin cikakkiyar jimla. Darajar irin wannan dacewa tana bin yawan masu jin harshen da kuma ƙarfin aljihun kasuwarsu.

Neman mai saye

Mai suna yana da hanya biyu. Yana iya kasa hajarsa ya jira, ta hanyar sa sanarwar sayarwa a shafin sunan ko ya kai shi kasuwannin intanet irin su Sedo da Afternic, waɗanda suke aikin dillali suna cire la'adarsu. Yana kuma iya ɗaukar hajar ya bi gida-gida kamar mai talla, kuma wannan ita ce hanyar imel.

Masu saye iri biyu ne. Akwai masu sari, waɗanda suke saye don su sake sayarwa. Su ba sa biya sai da araha. Akwai kuma masu bukatar suna don sana'arsu, kuma su ne suke biyan farashi mai tsoka, domin a wurinsu sunan kayan aiki ne. Wasiƙar talla tana neman rukuni na biyu. Akan gano su ta alamomin da suke nuna cewa sunan da suke amfani da shi bai gamsar da su ba: kamfanin da ya ƙara wata kalma ko karan ɗori a sunansa don gajeren ya riga ya tafi, ko wanda yake amfani da wani ƙarshe alhali .com ɗin yana hannun mai tallar, ko wanda yake biyan Google kuɗin talla a kan ainihin kalmar.

A da, samun adireshin mai kowane suna abu ne mai sauƙi, domin kundin rajista da ake kira WHOIS a buɗe yake ga kowa. Tun da dokar kare bayanan jama'a ta Tarayyar Turai, wadda Faransanci yake taƙaitawa da RGPD, ta fara aiki ranar 25 ga Mayu, 2018, kamfanonin rajista suka ɓoye yawancin waɗannan bayanai. Yanzu mai talla sai ya bi shafin kamfanin da kansa, ko dandalin ma'aikata irin LinkedIn, ya gano wanda yake da ikon yanke shawara: mai kamfani idan ƙarami ne, shugaban sashen talla idan babba ne. Wannan bincike shi ne rabin aikin. Idan aka duba aka ga babu wani kamfani da sunan zai amfana, babu lafazin da zai sayar da shi. Ko bayan an yi binciken da kyau, akasarin wasiƙun ba sa samun amsa.

Ƙirar wasiƙar

Wasiƙar talla tana da masu karatu biyu, kuma na farkonsu na'ura ce. Kafin saƙo ya isa akwatin mutum, matatar tarkacen saƙonni tana duba ko adireshin da ya fito daga gare shi tabbatacce ne, ta hanyar ƙa'idojin tantancewa da ake kira SPF da DKIM da DMARC. Tana duba ko an aika irin saƙon ga mutane masu yawa a lokaci guda, da kuma yadda masu karɓa suka yi da saƙonnin baya. A Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo sun tsaurara sharuɗɗansu. Gmail ya ɗauki mai aika saƙo 5,000 a yini a matsayin mai aikawa da yawa, ya kuma nemi ƙorafin masu karɓa ya kasance ƙasa da kashi 0.3 cikin ɗari. Doka ma tana da nata sharuɗɗan. A Amurka dokar CAN-SPAM ta 2003 ta hana take mai yaudara da ɓoye asalin mai aikawa, ta wajabta sa adireshin gidan waya na gaskiya, ta kuma ba da kwana goma na aiki don a daina aika wa wanda ya ce a ƙyale shi. Dokokin Turai da Kanada sun fi haka tsauri, domin a yanayi da yawa suna neman yardar mai karɓa tun kafin a tura masa talla.

Mai karatu na biyu mutum ne mai aiki a gabansa, wanda bai nemi a rubuto masa ba. A nan ƙa'idojin zance guda huɗu da Paul Grice ya bayyana a 1975 suna bayyana abin da ƴan kasuwar suka gano ta hanyar gwaji. Ƙa'idar yawa tana neman a faɗi abin da ake bukata kawai, shi ya sa wasiƙar kirki ba ta wuce ƴan jimloli. Ƙa'idar gaskiya tana hana ƙirƙiro wasu masu saye da babu su, ko zuzuta yawan masu ziyartar shafi. Ƙa'idar dacewa tana neman a nuna dalilin da ya sa aka zaɓi wannan mutum musamman. Ƙa'idar bayyanawa kuma tana neman a kauce wa harshen damo. Misali, a kasuwannin Nijar "dala" tamma biyar ce ta sefa, don haka wanda ya rubuta wa Bamaraɗe "dala dubu" bai faɗi farashi ba tukuna sai ya fayyace wace dalar.

Ga samfurin yadda irin wannan wasiƙa za ta kasance da Hausa, da suna da farashi na misali kawai:

"Take: kilishi.ne. Assalamu alaikum Alhaji, barka da aiki. Ni ne mai rajistar sunan kilishi.ne, kuma ina da niyyar sayar da shi. Na ga shagonku yana tallar kilishi ta intanet da wani suna mai tsawo, shi ya sa na tuntuɓe ku. Kuɗinsa jika 150 ne, kuma ana iya biya ta hannun amintaccen ɗan tsakani. Idan ba ku da bukata, kalma ɗaya ta isa, ba zan sake damun ku ba. Na gode, a huta lafiya." A ƙasa sai cikakken suna da adireshi da lambar waya.

Take sunan ne kawai, ba tare da manyan haruffa ko alamar motsin rai ba. Jimla ta biyu ta faɗi ko wane ne da abin da yake so. Wakilin suna na jam'i, "ku", ya ɗauki nauyin girmamawa. Jimlar kusa da ƙarshe kuwa ita ce abin da Penelope Brown da Stephen Levinson suka bayyana a nazarinsu na ladabin magana na 1987: duk wanda ya ɗora wa wani nauyin da bai nema ba, ladabi yana neman ya bar masa ƙofar fita a buɗe.

Ladabi kuwa ba ɗaya ba ne a kowane harshe. Wasiƙar Hausa da ta faɗa cikin bukata babu sallama ana ɗaukar ta rashin tarbiyya, wasiƙar ofis ta Faransanci kuma tana rufewa da doguwar jimlar girmamawa. Amma yawancin cinikin sunayen .com da Ingilishi ake yin sa, kuma masu karanta imel ɗin kasuwanci da Ingilishi sun saba ganin doguwar gaisuwa da tarin laƙabobi da addu'o'i a wasiƙun ƴan damfara. Bahaushen da ya juya gaisuwarsa kalma da kalma zuwa Ingilishi yana nufin mutuntawa, mai karɓa kuma yana karanta alamar zamba. Abin da ya dace shi ne a bi al'adar wasiƙa ta harshen mai karɓa.

Taya da albarka

Babbar muhawarar ƴan wannan kasuwa ita ce ko a faɗi farashi a wasiƙar farko ko a bar mai saye ya fara. Wanda ya san kara, wato kasuwar dabbobi, ya san wannan muhawara. A can mai dabba sau da yawa ba ya yanka kuɗi, sai ya ce a taya; idan tayin bai yi masa ba ya ce albarka, a ci gaba da ƙari har ya sallama. Hikimar ita ce, wanda ya fara ambaton adadi ya bayyana iyakar tunaninsa.

Sai dai akwai bambanci. A kara mai saye ne ya zo da ƙafarsa, kuma yana da masaniyar farashin rago. A wasiƙar talla mai sayarwa ne ya ƙwanƙwasa ƙofa, mai karɓa kuwa galibi bai san ko suna yana kai jika goma ko miliyan goma ba. Idan ba a faɗa masa adadi ba, yakan zaci abin ya fi ƙarfinsa ya yi shiru, ko ya taya da kuɗin rajista. Saboda haka ga ƙananan sunaye an fi samun sauƙi idan aka yanka farashi tun farko, aka bar ɗan gurbin ragi. Ga suna mai babbar daraja, wanda masu bukatarsa manyan kamfanoni ne, akan bar adadi sai an ga sha'awa, kuma a nan ne dillalai suke shiga. Idan aka yi shiru, tunatarwa ɗaya bayan ƴan kwanaki ta wadatar. Abin da ya wuce haka naci ne, kuma zafin nema ba ya kawo samu.

Inda wasiƙa take zama shaida

J. L. Austin ya nuna a littafinsa na 1962 cewa magana aiki ce: da furuci ake yin alkawari, da shi ake gargaɗi, da shi ake barazana. Jimlar "sunan nan na sayarwa ne" tayi ce. Jimlar "idan ba ku saya ba zan kai wa abokan gogayyarku" tana da siffar ba da labari, amma aikin da take yi barazana ne. A wannan kasuwa bambancin yana da sakamako a shari'a.

A 1999 ICANN ta amince da tsarin warware rikicin sunaye da ake kira UDRP. Mai tambarin kasuwanci yana iya karɓe suna idan ya tabbatar da abu uku: sunan ya yi daidai da tambarinsa ko ya yi kama da shi har ya rikitar, mai riƙe da shi ba shi da wani haƙƙi ko halattaccen dalili a kansa, kuma an yi rajistarsa ana kuma amfani da shi da mugun nufi. Misalin farko na mugun nufi da tsarin ya ambata shi ne yin rajista da babbar manufar sayar wa mai tambarin, ko abokin gogayyarsa, a kan kuɗin da ya wuce abin da aka kashe. Manufa kuwa a zuci take, kuma hanya mafi sauƙi ta ganin ta ita ce abin da mutum ya rubuta da hannunsa.

Ƙarar farko da aka yanke a ƙarƙashin wannan tsari ta nuna haka. Wani mutum a jihar Kaliforniya ya yi rajistar worldwrestlingfederation.com a watan Oktoban 1999, bayan kwana uku ya aika wa kamfanin wasan kokawa mai wannan suna imel yana neman sayar masa, daga baya ya yanka dalar Amurka 1,000. Kamfanin ya kai ƙara cibiyar sasanci ta hukumar kare haƙƙin fasaha ta duniya, wadda aka fi sani a Nijar da OMPI, kuma a Janairun 2000 aka ba da umarnin a miƙa masa sunan. Wasiƙun tallar su ne suka zama hujja. Baki shi kan yanka wuya.

Misali na biyu ya shafi tsarin sauti kai tsaye. A 2003 wani ɗalibin sakandare ɗan shekara 17 a ƙasar Kanada, mai suna Mike Rowe, ya buɗe shafi da sunan MikeRoweSoft.com. A rubuce ya bambanta da Microsoft, amma a furuci ɗaya suke. Lauyoyin Microsoft sun nemi ya saki sunan, suka yi masa tayin dala 10, wato kuɗin rajistarsa. Ya mayar da amsa yana neman dala 10,000. Wannan adadi ne kamfanin ya riƙe, ya aika masa da takarda mai shafi 25 yana zarginsa da yin rajistar don neman kuɗi. Da labarin ya bazu a jaridu, kamfanin ya sassauta, aka yi sulhu a Janairun 2004: ya miƙa sunan, aka ba shi wasu kyaututtuka, ciki har da na'urar wasa ta Xbox. Darasin da ke ciki shi ne, kamanni a kunne ya isa ya tayar da rikici, kuma adadi guda da aka rubuta cikin fushi yana iya canza yadda ake fassara duk abin da ya gabata.

Wannan ba ya nufin sayar da suna laifi ne. Masu yanke hukunci a ƙarƙashin UDRP sun sha bayyana cewa cinikin kalmomin gama-gari na ƙamus halal ne, muddin ba wani tambari aka hara ba. Iyakar tana tsakanin suna gama-gari da suna na musamman, rabe-raben da kowane ɗalibin nahawu ya sani. Wanda yake tallar kalma mai ma'anar "takalmi" ga masu sayar da takalma yana kasuwanci. Wanda ya yi rajistar sunan wani kamfani, ko ya sauya masa harafi ɗaya, sannan ya rubuta masa, ya shirya wa kansa ƙara. A Amurka ma wata doka ta 1999 ta ba kotu damar cin tarar dala 1,000 zuwa 100,000 a kan kowane suna irin wannan. Don haka duba rajistar tambura kafin a aika da wasiƙa wajibi ne.

Biya da miƙa suna

Idan an daidaita, saura matsalar amana. Mutum biyu da ba su taɓa haɗuwa ba, wataƙila a nahiyoyi daban-daban, kowa yana tsoron ya fara sakin nasa, kuma ba wanda yake son cinikin biri a sama. Maganin shi ne kamfanin riƙon amana, irin Escrow.com, ko kasuwannin da aka ambata a baya. Mai saye yana zuba kuɗi a hannun ɗan tsakani, mai sayarwa yana buɗe sunan ya ba da lambar sirrin canja rajista, mai saye ya tabbatar sunan ya shigo hannunsa, sannan a saki kuɗin. A ƙa'idar ICANN da aka daɗe ana bi, sunan da aka yi wa sabuwar rajista ko aka canja masa kamfani ba ya sake ƙaura zuwa wani kamfanin rajista sai bayan kwana 60, kuma ya kamata a sanar da mai saye wannan tun kafin ya biya.

Mai talla shi ma abin farauta ne. Sananniyar damfara a wannan fage ita ce ta takardar kimantawa: wani ya amsa da tayi mai tsoka ba tare da ya nemi ragi ba, sannan ya ce sai an kawo masa shaidar darajar sunan daga wani shafi da shi ya zaɓa, wanda ake biya. Da an biya, sai ya ɓace. Alamarta tana cikin tsarin zancen: mai saye na gaske yakan yi tambaya, ya yi ƙorafin tsada, ya ja lokaci. Wanda ya amince nan take, ya kuma juya zance zuwa kuɗin da mai sayarwa zai fitar, ya saɓa wa yadda ciniki yake tafiya a kowace kasuwa.

Kammalawa

An ga cewa darajar sunan yanki tana fitowa ne daga siffofin harshe, wato tsawo da sauti da rubutu da ma'ana, bayan tsarin rajista ya mayar da kowace kalma tilo. An kuma ga cewa wasiƙar tallarsa tana fuskantar alƙalai uku a jere: matatar na'ura, da mutumin da aka rubuta wa, da mai yanke hukunci idan rikici ya taso. Abin da yake tsallakar da ita a gaban dukkansu ɗaya ne: suna gama-gari da ba ya taɓa tambarin kowa, mai karɓa da aka zaɓa da dalili, da ƴan jimloli na gaskiya waɗanda ba su ɗauke da matsi.

Akwai filin bincike a nan ga ɗaliban Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa. Ana iya tattara sunayen da shaguna da ƙungiyoyi da gidajen rediyon Nijar suke amfani da su a intanet, a duba wane rubutu suka zaɓa tsakanin na Faransanci da na Hausa, da yadda suka yi da haruffa masu lanƙwasa, da inda suka haɗe kalmomi. Zaɓin da ƴan kasuwa suke yi a wannan wuri yana shafar yadda dubban mutane suke ganin kalmomin Hausa a rubuce kowace rana, kuma ya cancanci masu nazarin ƙa'idojin rubutu su sa masa ido.